Ƙanwata ta haddace kalmomin Turanci da yawa amma ta kasa gina jimla da su: ina gyaran yake?

Yayar Ɗaliba ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da sauran 'yan uwa. Ina da ƙanwa a aji biyu na babbar sakandare, kuma ni ce nake duba mata karatu da yamma. Tun zangon da ya wuce ta ware littafi guda tana rubuta kalmomin Turanci a hagu, ma'anarsu ta Hausa a dama, kuma da na ƙirga a makon jiya na tarar sun haura 400. Duk wadda na tambaye ta a ciki, takan faɗi ma'anarta ba tare da inda-inda ba.

Amma da aka ba su aikin rubuta wasiƙa, sai takardar ta dawo cike da jan biro. Ta rubuta "please borrow me your book", da "I am in this school since two years", da "she gave me many advices", an ja layi a ƙarƙashin duka ukun. Ta kuma sa "once in a blue moon" a inda take nufin sau ɗaya a wata. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ɗago ta ce mini, "Yaya, ai duk kalmomin nan na san su." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin yarinya ce mai ƙoƙari, kuma ina tsoron kada ta karaya. Shin hanyar da take bi ce ba daidai ba, ko ƙarin lokaci kawai take buƙata? Kuma yaya ake koyon irin maganganun nan da ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu?

Malamin Aji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Ƙanwarki ta faɗi gaskiya, ta san kalmomin, sai dai ta san su ne ɗaya-ɗaya, alhali kowace kalma tana da abokan tafiyarta da wurin zamanta a jimla, kuma littafin mai layi biyu ba ya nuna mata wannan. Da za ki ɗauki kuskuren nan uku ki mayar da su Hausa, za ki ga cewa kowannensu jimla ce lafiyayya a harshenmu. Da Hausa take tunani, sannan ta sa wa tunanin rigar Turanci.

Ɗauki na farko. Mu a Hausa tushe ɗaya ne: na ari littafi, ka ara mini littafi. Bature kuwa ya raba su gida biyu, mai karɓa shi ne yake "borrow", mai bayarwa kuma yana "lend", don haka abin da take so ta ce shi ne "please lend me your book". Na uku ma haka yake. Muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, amma a Turanci "advice" da "information" da "furniture" da "equipment" da "luggage" ba sa karɓar jam'i, sai a ce "a piece of advice" ko "some advice". Ɗalibin da ya rubuta "advice" a hagu, shawara a dama, babu abin da zai hana shi ƙara mata harafin jam'i, tun da a ransa kalmomin biyu tagwaye ne.

Inda abin ya fi yawa shi ne aikatau ɗinmu masu faɗin ma'ana, wato ci da sha da ji. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan wahala, amma a Turanci ruwa kaɗai ake "drink" a cikin ukun nan, maganin ƙwaya "take" ake yi masa, wahala kuma "suffer". Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin sanyi, muna jin Larabci, su kuwa suna da "hear" da "smell" da "feel" da "understand". Na sha ganin "I am hearing a smell" a takardun ɗalibai masu ƙwazo ƙwarai. Akwai kuma maimaita mai aiki: saboda muna cewa malam ya zo, sai yaro ya rubuta "the teacher he came", domin yana jin jimlar ta rasa wani abu in babu madadin "ya".

Shawarata ita ce ta canza tsarin littafin. Kada ta sake rubuta kalma tsirara. Ta rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta, kamar "make a mistake", "pay attention", "take an exam", "interested in", "depend on", sannan ta kwafi jimlar da ta tsinci kalmar a ciki, a ƙarƙashi kuma ta ƙirƙiri tata jimlar a kan abin da ya shafi rayuwarta. Kalma biyar a rana ta wannan hanya sun fi ashirin ta tsohuwar hanya amfani. Ta kuma ware shafuka a ƙarshen littafin don kurakuranta na kanta, ta rubuta abin da ta faɗa, da gyaransa, da jimlar Hausar da ta haifi kuskuren.

Tsohuwar Malama ta rubuta:

Na yarda da yawancin bayanin Malam, amma ina so in ja hankali kada a fahimci cewa hadda ba ta da amfani, domin na ga an raina ta a 'yan shekarun nan, kuma ɗalibai ne suke kwana a ciki. Akwai abubuwan da babu wata dabara a kansu sai maimaitawa. Aikatau na Turanci da ba sa bin ƙa'idar ƙara "-ed" sun kai wajen 200, kuma su ne aka fi amfani da su kullum: "go, went, gone", "write, wrote, written", "lie, lay, lain". Wanda bai haddace su ba zai yi ta tuntuɓe a kowace jimla. Saboda haka, 'yata, kada ki sa ta jefar da littafin nan, ƙoƙarin da ta yi jari ne.

Abin da ya kamata a gyara shi ne lokacin bita. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta riƙa raguwa, kuma kowace bita tana sa abin ya ƙara daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ma'anar wannan a aikace ita ce ta duba sabuwar kalma washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ni ƙananan katuna nake sa ɗalibaina su yanka, jimla mai gurbi a gaba, amsar a baya, su raba su a ambulan uku. Katin da aka amsa daidai ya matsa ambulan na gaba, wanda aka kasa ya koma na farko. Ta riƙa rufe amsar tana ƙoƙarin tunowa kafin ta duba, domin karanta shafi sau goma yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da shi.

Sannan ki duba irin kalmomin da take tarawa. Tun 1953 wani masanin koyar da Turanci, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma waɗannan kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Ɗalibai suna son manyan kalmomi masu ƙarar suna, su bar "get" da "set" da "take" waɗanda kowace take da ma'anoni barkatai. In kuma ta zo kan manyan, ta koyi tsinka su. Kamar yadda ɗan Hausa yake gane dangantakar rubuta da rubutu da marubuci, haka "port" mai ma'anar ɗauka, wadda ta fito daga Latin, take cikin "import" da "export" da "transport" da "portable".

Ɗalibin Harshe ya rubuta:

Gaisuwa ga iyayenmu malamai. Zan ɗan taɓa ɓangaren tambayar na biyu, wanda ba a kai gare shi ba tukuna. Hanya mafi sauƙi da za ki fahimtar da ita ita ce ki fara da namu. Ki tambaye ta yadda baƙon da ya san ma'anar fari da ma'anar jini zai fahimci "tana da farin jini", ko yadda zai gane "ya yi mini ƙafar ungulu" daga sanin ƙafa da sanin ungulu. Za ta ga cewa maganar dunƙule take, ba a rarraba ta. To haka "once in a blue moon" take, ma'anarta abin da ba ya faruwa sai can ba a rasa ba, kuma babu ruwanta da lissafin wata.

Abin da ya taimake ni shi ne neman takwarar maganar a Hausa maimakon fassara ta kalma da kalma. "Let the cat out of the bag" ita ce fasa ƙwai, "turn a deaf ear" ita ce yin kunnen uwar shegu, "beat about the bush" ita ce kewaye-kewaye, "out of the frying pan into the fire" kuma tana kusa da an gudu ba a tsira ba. Wadda ba ta da takwara sai a riƙe ta da ɗan labarin da ya dace da ita. Kuma ba a taɓa siffarsu, ba a musanya kalma da mai kama da ita, kamar yadda ba za mu ce ƙafar shaho a madadin ƙafar ungulu ba.

Sai dai a ganina an fi ba wa irin waɗannan muhimmanci fiye da kima. A tambayoyin jarrabawa na zaɓar amsa ana buƙatar ɗalibi ya gane ma'anarsu, amma a insha'i guda ɗaya da ta zauna daidai ta wadatar, kuma wasiƙar neman aiki ko ta zuwa ga hukuma ba ta son su ko kaɗan. Waɗanda suka fi cancantar lokacinta su ne aikatau masu ɗan rakiya, irin su "put off" da "put out" da "put up with", wato ɗage abu, da kashe wuta, da jure wa abu. Wannan bai kamata ya zama baƙo ga mai jin Hausa ba. Mu ƙarshen aikatau muke sauyawa, mu ce saya, sayo, saye, sayar, ko fita, fito, fitar, ma'ana ta juya. Su kuwa ƙaramar kalma suke liƙawa a baya. Yawancinsu suna da takwara guda mai nauyi, "put off" da "postpone", "look into" da "investigate", "give up" da "surrender", kuma wannan ya samo asali ne daga tarihi, domin bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, kalmominsa da na Latin suka kwararo cikin Turanci suka zauna kusa da na asali. Ta koyi biyun tare, ta san na farko na hira ne, na biyu kuma ya fi dacewa da rubutun hukuma.

Yayar Ɗaliba ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Jiya da daddare mun zauna mun mayar da kurakuran Hausa kamar yadda Malam ya ce, kuma da ta kai kan ara da ari sai ta gano matsalar da kanta tun kafin in yi magana. Mun yanka katuna ashirin. Amma jimla ta biyu har yanzu ta gagare mu. Na gaya mata ta sa "for" a madadin "since", sai ta rubuta "I am in this school for two years", kuma ina jin har yanzu da saura. Malam, ina roƙon ƙarin bayani a kan wannan.

Malamin Aji ya rubuta:

Jinki daidai ne, Malama, kuskure biyu ne a jimlar, kin gyara ɗaya. Kalmarmu "tun" tana shiga wuri biyu, muna cewa tun 2023, muna kuma cewa tun shekara biyu da suka wuce. A Turanci "since" tana bin lokacin da abu ya fara, kamar "since 2023" ko "since Monday", ita kuwa "for" tana bin tsawon lokacin, kamar "for two years".

Na biyun ya fi zurfi. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana ci gaba, shi ya sa "ina makarantar nan" take isar mu ko yau muka zo ko mun shekara goma. Turanci yana da siga ta musamman ga abin da ya fara a baya kuma bai yanke ba har yanzu, wato "have" tare da siga ta uku ta aikatau, irin "gone" a cikin "go, went, gone", saboda haka daidai shi ne "I have been in this school for two years". Wannan sigar ba ta haɗuwa da lokacin da ya riga ya rufe, don haka "I have seen him yesterday" kuskure ne, sai dai "I saw him yesterday", ko da yake duka biyun "na gan shi" ne a wurinmu.

Ki sa ta rubuta jimla shida a kan kanta a daren yau, uku da "since", uku da "for", kamar tun yaushe ta san ƙawarta da tsawon lokacin da ta yi tana koyon Turanci. Gobe kuma ta sake rubuta su ba tare da ta duba na jiya ba, sai ki kawo su nan mu duba tare.