Neman shawara: zan iya sa halcyon a madadin peaceful?

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar WAEC. A wani insha'i da nake gwaji kan zaɓen shugabannin ɗalibai na rubuta "the election was halcyon", saboda ƙamus ya nuna ma'anarta ɗaya da peaceful. Jimlar ta yi daidai? Daga ina kalmar ta fito, kuma yaya ake furta ta?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. 'Yata, goge ta ki mayar da peaceful. Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya miki duka ba. Halcyon da wuya ki gan ta ba tare da days ko years ba, kuma gaban suna take zama, ba bayan was ba. Ban da kwanciyar hankali, tana ɗauke da walwala da wadata, sannan galibi lokacin ya riga ya wuce, ana kewarsa. Tsohon ma'aikaci zai iya cewa "the halcyon days of the Kaduna textile mills", wato zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki ba dare ba rana. Zaɓen jiya ba zamani ba ne, abu ne da ya faru aka tashi lafiya. Mai duba takarda na ganin jimlarki zai gane cewa daga ƙamus kika ɗauko ta. Wajen furuci kuwa, hal-si-yan ake cewa, a danna gaɓar farko. Harafin c ɗin sautin s yake bayarwa, ba k ba.

Malamar adabi: Bari in ƙara da asalinta, don shi ke bayyana dalilin manne mata days. Sunan tsuntsu ne a Girkanci, alkyon, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki da ke faɗawa ruwa ya cafko kifi. A tatsuniyar Girkawa, mijin wata mata mai suna Alkiyoni ya nutse a teku, ita ma baƙin ciki ya sa ta faɗa, sai aka mayar da su biyun tsuntsaye. Mahaifinta shi ke riƙe da iskoki a tatsuniyar, don haka yakan tsare su kwana 7 kafin rana mafi gajarta a shekara da kwana 7 bayanta, domin 'yarsa ta kwanta a kan ƙwanta bisa ruwa. Ranar kan faɗo 21 ko 22 ga Disamba. Waɗannan kwanaki 14 na lafawar teku a tsakiyar hunturu su ne halcyon days na farko. Kin ga tun daga tushe ɗan taƙaitaccen sauƙi ne tsakanin guguwa biyu.

Tatsuniya ce dai kawai: tsuntsun a rami yake sheƙa, a gaɓar kogi ko kogon itace. Harafin h na farko ma daga baya ya shigo, bayan da wasu suka zaci sunan na da alaƙa da hals, wato teku a Girkanci. Ta Latin ta biyo ta shiga Turanci. Masana tsuntsaye har yanzu suna kiran wani rukuni na waɗannan tsuntsaye Halcyon, kuma akwai irinsu a ƙasarmu.

Mai fassara a gidan rediyo: Ƙanwata, abin da zai fi amfanar ki shi ne sanin wacce ke tafiya da me. Zaɓe, zanga-zanga da miƙa mulki, duk peaceful. Mutumin da ba ya son rigima peaceable ne. Wuri shiru kamar bakin tafki da asuba tranquil, fuskar da babu damuwa a cikinta serene. Ki yi hattara da placid: a kan ruwa ko dabba ba laifi, a kan mutum tana iya nufin sanyin jiki, ba lallai yabo ba. Pacific kuwa ki bar ta ga tekun da Magellan, wani jagoran jiragen ruwa, ya raɗa wa sunan a 1520, ta yi tsufa a rubutun yau da kullum.

Ɗaliba: Na gode malamai. To idan na rubuta "the halcyon days of my primary school" fa?

Malamin Turanci: Wannan ta zauna daram. Amma sau ɗaya ta isa a insha'i guda, kuma ki kula da rubutun: c kafin y, ba s ba.