Na ƙara wa tocilar nutso ƙwan LED, amma haske ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum. Masu aikin lantarki, don Allah ku ba ni shawara.

Ina gyaran tocila a Sabon Gari. Wani mai shiga rijiya da tankin ƙasa ya kawo tocilar da yake nutso da ita, yana so a ƙara mata haske. Asalinta ƙwai ɗaya ne, Cree XM-L2, da batirin 18650. Direbanta, wato ɗan allon da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan, na ɗauke da cip masu ƙayyade wuta, AMC7135, guda 8, kowanne 350mA, jimilla amfiya 2.8.

Na cire ƙwan na sa uku, fulos da fulos, mainos da mainos. A lissafina kowanne zai sha kamar 930mA. LED kuwa ya fi amfana da wuta idan ba a matsa masa ba, don haka ukun ya kamata su zarce ɗaya. Sai ga ɗaya ya haske fal, farantinsa ya yi zafin da ba ka iya ɗora yatsa, biyun kuma dishi-dishi. A bokitin ruwa ma haka.

Shin ɗan bambancin boltejin ƙwayayen ne ke sa ɗaya cinye rabon sauran? Ko sirantar wayar ce, tunda ta mai hasken ta fi gajarta? Idan na jera su bi da bi, za su nemi kusan bolt 9, batirin kuwa 4.2 ne in ya cika. Akwai direba mai ɗaga wuta da zai shiga wannan matsattsen bututu ba tare da murfin ya fara yoyo ba?