Wai duk inda gishirin dutse yake, teku ne ya ƙafe?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa duk inda aka haƙo gishirin dutse, teku ne ya taɓa kwanciya a wurin ya ƙafe. Ban gamsu ba. Ina teku ina Bilma ta Nijar, garin gishirin da raƙuma sai sun keta hamadar Tenere kafin su kai?

Malama: Wa alaikumus salam, Kawu. Maganar tana da tushe. Mahaƙar Khewra ta Pakistan, inda ake fito da jan gishirin nan da ake kira na Himalaya, ragowar teku ce ta sama da shekara miliyan 500. Wanda ke ƙarƙashin arewacin Jamus ma haka ne, wajen shekara miliyan 250.

Ɗan Agadas: Malama, a cire Bilma daga lissafin nan. Can ba a fasa dutse. Rami ake haƙawa, ruwan ƙasa mai gishiri ya taru, rana ta shanye shi, a kwashe a yi beza da kantu.

Injiniya: Gaskiyarka. Ko Taudeni ta Mali, inda ake sarar gishiri allo-allo, tafki ne ya ƙafe shekaru 'yan dubbai da suka wuce, lokacin Sahara na da ruwa.

Kawu: To 'yata, ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Lita guda ta ruwan teku gishirinta bai wuce giram 35 ba. Yaya za a yi ya tara kaurin ɗaruruwan mita?

Malama: Ai ba sau ɗaya yake ƙafewa ba, Kawu. Ruwa ya shiga kwari mai ƙuntataccen baki, zafi ya shanye, wani ya sake kwararowa, haka shekaru aru-aru. Shi ya faru da Bahar Rum kusan shekara miliyan 6 baya, da hanyarsa ta Atilantika ta toshe. A wasu wuraren gishirin da ke ƙarƙashinsa ya zarce kilomita guda. Manyan taskokin gishiri na duniya aikin teku ne, a nan na tsaya.

Injiniya: Uyuni, shimfiɗar gishirin nan ta Bolibiya fa? Ta haura murabba'in kilomita 10,000, a tsayin sama da mita 3,600, kuma tafkuna ne suka bar ta.

Malama: Tana da faɗi, Injiniya, amma ɓawon samanta 'yan mitoci ne. Kawo mini tafkin da ya ajiye irin na Bahar Rum, sai in janye.