Ƙara kamar fito idan na taka totur a Hilux mai turbo

Mai Albasa, Gwadabawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin dizal. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2010 mai injin 2KD, lita 2.5, irin mai ƙofar iska a saman bonet, kuma da ita nake ɗauko albasa daga Gwadabawa zuwa cikin Sakkwato. Yau kusan mako uku ke nan, duk sa'adda na taka totur da kaya a baya, musamman a giya ta uku da ta huɗu, da zarar allurar inji ta haura juyi 1,800 a minti sai in ji wata siririyar ƙara kamar fito haɗe da huci, tana ƙaruwa muddin ina ƙara wuta, tana kuma ɗaukewa nan take idan na ɗaga ƙafa. A tsaye kuwa, ko na taka sosai, kusan ba na jin komai. Motar ta rage ƙarfi, kuma tana fitar da baƙin hayaƙi. Wani gareji da na je sun ce turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ta mutu, in kawo kuɗin ta Kwatano, alhali ko ƙusa ɗaya ba su kwance ba. Me ya kamata in duba kafin in kashe wannan kuɗi?

Tsohon Bakanike, Mabera:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna, domin bayanin da ka yi ya riga ya rage mana rabin aiki. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya turbo, takan yi juyi fiye da 100,000 a minti guda, amma ba ta tara iska mai ƙarfi sai inji yana jan nauyi. Shi ya sa ƙarar ba ta fitowa a tsaye. Da fambel ne yake kuka, da ka ji shi ko a ƙofar gida, musamman da safe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne baƙin hayaƙin. A injin dizal, baƙin hayaƙi yana nufin man dizal ya fi iskar da ta shiga yawa, wato turbo tana turo iskar amma tana zurarewa a hanya kafin ta isa inji. Na fi zargin tiyon roba da ke tsakanin turbo da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ta turo, ko tsakanin intakula da inji. Ka bari inji ya huce, sannan ka bi ƙarƙashin kowane tiyo da hannu, kana matsawa. Ka nemi wurin da ya jiƙe da baƙin mai har ƙura ta manne masa, domin iskar da ke fita takan fito da ɗan mai, ƙurar garinmu kuma sai ta nuna maka wurin. Tsagar takan ɓuya ta ƙasa, kusa da kilif, inda ido ba ya kaiwa.

Bayan haka, inji a kashe, a cire bututun da ke kawo iska daga filta, ka kama kan farfelar turbo da yatsu biyu. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, tunda sandar da farfelar ke kai a kan baƙin mai take yawo. Amma idan tana shiga tana fita, ko tana gogar jikin gidanta, ko fukafukan sun ɓantare, to a nan kam turbo ce. Ita kuwa turbo da ta lalace, kukanta ya fi kama da jiniya, kuma sau da yawa hayaƙinta shuɗi ne.

Direban Hanyar Jega:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a haɗa da gasket ɗin da ke toshe mahaɗar inji da bututun hayaƙi. Tawa ta taɓa yin irin wannan fito, aka canza tiyo har biyu a banza, ashe ƙusa ɗaya ce ta karye a wurin gasket ɗin. Alamarsa baƙin tabo kamar kunkunniya a gefen inji, kuma ƙarar ta fi fitowa kafin inji ya yi zafi.

Mai Albasa, Gwadabawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na duba tare da yarona kamar yadda Baba ya ce. Babu kunkunniya a gefen inji, amma a ƙarƙashin tiyon da ya fito daga intakula mun sami tsaga mai tsawon ɗan yatsa, wadda ba ta buɗewa sai an matsa, kuma ƙura ta yi mata ɓawo. Mun sa sabo, na ɗauko kaya yau da safe, har na wuce Kware ban ji fito ba, ƙarfin ma ya dawo. Abu biyu ne suka rage mini a rai. Na ga mai a cikin tsohon tiyon, sannan bakin fukafukan turbo ya ɗan dushe, ko da yake sandar ba ta shiga ba ta fita. Mun kuma lura maƙalli ɗaya na murfin filta ya karye.

Tsohon Bakanike, Mabera:

Alhamdu lillahi. Maiƙo kaɗan a cikin tiyo ba abin damuwa ba ne, tururin baƙin mai ne da inji ke shaƙa. Abin tsoro shi ne mai ya taru har ya zuba, domin injin dizal yana iya cin man nan ya yi ta gudu da kansa, ko ka zare makulli ba zai mutu ba. Maƙallin filtar nan ya fi damuna, Alhaji, domin ta nan ƙurar hunturu ke shiga tana cin fukafukan, don haka ka gyara shi yau ɗin nan, ka sa sabuwar filta, kada ka tsaya ga hure tsohuwar da iska. Idan ka dawo daga doguwar tafiya a wannan zafi na Sakkwato, ka bar motar a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo. Ran da za ka yi juyen mai, a sake cire bututun a taɓa sandar, a kuma leƙa intakula ko mai ya taru.