Kumfa ko aljihu? Sunan abin da hiliyam ke yi a cikin siramik

'Yan uwa masu rubuta kimiyya da Hausa, mu tsayar da magana ɗaya kan abin da Turawa ke kira helium bubble. Ina ganin ana rubuta "kumfar hiliyam", ni kuwa ban gamsu ba.

A riyaktan nukiliya akwai sandunan rage ƙarfin wuta, wasunsu da siramik ɗin boron kabaid ake yi. Idan boron-10, wani nau'in boron da ke cikin siramik ɗin, ya haɗiye nutiron (ɗaya daga cikin ƙananan ɓangarorin ƙwayar zarra), sai ya rabe ya zama litiyam-7 da iskar hiliyam. Shi hiliyam ba ya haɗuwa da komai, ba ya kuma narkewa a cikin siramik. Sai ya bi guraben da radiyeshan ya bari, ya taru, musamman a kan iyakar ƙwayoyin siramik ɗin, wato inda ƙananan kiristal da suka haɗu suka yi shi ke taɓa juna. Matsi ya yi yawa, abu ya kumbura, ya tsage. A riyaktan haɗa ƙwayoyin zarra, irin ITER da ake ginawa a Faransa, kuzarin nutiron ɗin ya kai MeV 14 (MeV ma'aunin kuzari ne), don haka yana haifar da hiliyam mai yawa har a wani siramik ɗin, silikon kabaid.

To, kumfa a kan ruwa take, mara ƙarfi, da kanta take fashewa. Wannan kuwa a kulle yake cikin abu mai tauri, faɗinsa 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), matsin cikinsa mai tsanani. Ɗalibin da ya ji "kumfa" zai ɗauka abin zai baje da kansa, alhali rashin bajewar ce matsalar.

Wani ya kawo "bororo". Kalma ce mai kyau, amma a bar ta ga wanda ke tasowa a saman abu har fatarsa ta ɓare.

Ni "aljihun hiliyam" na zaɓa, domin har maganin matsalar yana ɗauka. Masu bincike na ƙanƙanta ƙwayoyin siramik don iyakoki su yawaita, hiliyam ya rarrabu cikin ƙananan aljihuna barkatai maimakon ya taru a manya kaɗan masu tsaga. Wasu kuma suna gwada silikon oksikabaid, wanda ba shi da tsarin kiristal, don hiliyam ya sulale ya fita kafin aljihu ya samu.

Ku gwada a baki: "aljihunan hiliyam sun kumbura sandar." Wanda ke koyar da wannan darasi a aji, ya faɗa mana ko ɗalibai za su gane ba tare da ƙarin bayani ba.