Tambaya: Illar Gashin Proton ce ko Kuwa Ƙarin ne Ya Dawo?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin kansar yara da masu karanta hoton ƙwaƙwalwa. An yi wa ɗana tiyatar cire ƙarin ependymoma (wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa) a bayan ƙwaƙwalwa, sannan aka yi masa gashi da proton (wato ƙona ƙwayoyin kansa da wani nau'in radiyeshon), wanda aka zaɓa saboda ƙarfinsa yakan ƙare a inda aka auna, ba ya ratsawa zuwa lafiyayyen naman da ke gaba. Bayan wasu watanni ya fara tangaɗi da wahalar haɗiya, kuma hoton MRI ya nuna tabo a tushen ƙwaƙwalwa, daidai inda gashin ya tsaya.

Ra'ayin likitocinsa ya rabu: wasu na ganin naman wurin ne ya mutu sakamakon gashin, wasu kuma na zargin ƙarin ya dawo, alhali yankar samfurin nama don gwaji a wannan wuri yana da haɗari ƙwarai. Dexamethasone, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, ya sassauta alamun, amma ya kumbura jikin yaron, kuma da an rage maganin sai tangaɗin ya dawo.

Shin hoton PET (mai nuna yadda ƙwayoyin jiki ke aiki), ko MRI mai auna gudanar jini, zai iya bambance biyun? Kuma a wane mataki ake komawa ga bevacizumab, maganin da ake bayarwa idan gashi ya kashe naman ƙwaƙwalwa, ga yaro ƙarami?