Indiya da Pakistan: yaushe laifin 'yan bindiga ke zama laifin gwamnati?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Bayan harin Pahalgam, a yankin Kashmir da ke hannun Indiya, na 22 ga Afrilun 2025 da ya ci rayuka 26, Indiya ta ɗora wa Pakistan laifi, ita kuma ta musanta. A dokar ƙasa da ƙasa, wace hujja ake nema kafin a kama gwamnati da aikin wata ƙungiya?

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifi biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko, a ce gwamnati ce ta kai harin. Wannan da wuyar tabbatarwa. A shari'ar Nikaraguwa da Amurka ta 1986, Kotun Duniya ta ce ba da kuɗi da makamai da horo bai isa a jingina wa Amurka duk ta'asar 'yan tawayen Kontra da ke yaƙar gwamnatin Nikaraguwa ba, sai an nuna ita ke riƙe da akalar aikin. Amma ta kama ta da laifin katsalandan. Na biyu shi ne sakaci. Ƙuduri mai lamba 1373 na Kwamitin Sulhu, na 2001, ya wajabta wa kowace ƙasa ta toshe kuɗin 'yan ta'adda, ta hana su mafaka, ta gurfanar da su. A nan hujjar Indiya ta fi ƙarfi.

Hajiya ta Aboabo: Gaskiya ne Malam. A dubi Mumbai, Nuwamban 2008: mahara goma, mutum 166 suka mutu, aka kama ɗaya daga cikin maharan, Ajmal Kasab, da rai, kuma daga baya Pakistan ta amsa cewa ɗan ƙasarta ne. Duk da haka sai a 2020 aka ɗaure Hafiz Saeed, jagoran ƙungiyar Lashkar-e-Taiba da ake zargi da harin, shi ma kan tara wa ta'addanci kuɗi, lokacin da hukumar FATF mai yaƙi da safarar kuɗin haram da na ta'addanci ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, daga 2018 zuwa 2022. Matsin aljihu ya yi abin da barazana ta kasa. Kada a manta ita ma Pakistan tana zargin Indiya da hura wutar tawaye a lardinta na Balucistan.

Baba Sabon Zongo: 'Yata, abin da ke damuna shi ne yanzu ba a jiran hujja. Bayan harin Pulwama a Kashmir a 2019, kwana 12 kacal jiragen Indiya suka kai hari Balakot cikin Pakistan. A 2025 kuwa Indiya ta dakatar da yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, ta kai farmaki ranar 7 ga Mayu, aka yi ta musayar wuta har 10 ga wata, sannan manyan hafsoshin ɓangarorin suka yi waya aka tsagaita. Dukansu sun gwada nukiliya a Mayun 1998. Indiya ta yi alkawarin ba za ta fara harbawa ba, Pakistan ba ta yi ba, don sojojin Indiya sun fi nata yawa nesa ba kusa ba. Makami mai linzami kuma cikin 'yan mintuna yake tsallaka iyakarsu, babu sararin tantance ko kan nukiliya yake ɗauke da shi ko a'a. A Maris 2022 wani makami mai linzami samfurin BrahMos na Indiya ya tashi bisa kuskure ya faɗa cikin Pakistan. Allah ya taimaka a lokacin ba a cikin rikici ake ba.